Eli Mecnikof da ƴan halittun cikin tabki

An haifi Eli Mecnikof a shekara ta 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Karkof. A lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Rasha, yau kuwa cikin ƙasar Ukraini yake. Tun yana yaro yake son kallon ƙwari da tsirrai. Da ya shiga jami'a, karatun shekara huɗu ya gama shi cikin shekara biyu.

Mecnikof yakan ɗebo ruwan tabki, ya ɗiga ɗigo guda ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato mikroskop. Cikin ɗigon nan akwai wasu ƴan halittu da yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Siffarsu kamar ta gora: ga kai, ga wuya, ga ciki. Wutsiyarsu ta rabu biyu, kowane reshe yana fid da danƙon da suke liƙewa da shi jikin ciyawa. Bayan wasu yana da ƙaya, na wasu ɓawo irin na kifi, na wasu kuma sumul. Da waɗannan alamu ake rarrabe irinsu.

Masanan da suka riga shi sun haɗa su gida ɗaya da wasu halittu masu zoben gashi a ka. Mecnikof ya duba da kyau, ya ga su nasu gashin a ciki yake, da shi suke silalewa. A 1865, yana ɗan shekara 20, ya ware su, ya raɗa musu suna Gastrotricha, wato masu gashi a ciki. Yau an san irinsu fiye da 800.

A 1882, a garin Mesina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tauraron teku, wanda ake hangen cikinsa kamar gilashi. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyin jiki sun kewaye ƙayar. Nan ya gane haka fararen ƙwayoyin jininmu suke haɗiye ƙwayoyin cuta. Likitoci da yawa suka musa, shi kuwa bai daina gwaji ba. A 1888 ya koma cibiyar Pastor a Paris. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel. Ya rasu a 1916.

Tambayoyi
1. Da waɗanne alamu ake rarrabe ƴan halittun nan?
2. Mi Mecnikof ya gano a Mesina?