WAZIRI JUNAIDU: Malamin Da Ya Tsare Wasiƙun Magabata

A ƙasashen Turai akwai masu kashe dukiya mai yawa wajen tara wasiƙun da mashahuran masu zane suka rubuta da hannunsu. Wasiƙu fiye da 600 da Vincent van Gogh, mai zanen nan na ƙasar Holan, ya aika wa ƙanensa Theo sun tsira ne domin matar ƙanen nasa ta adana su, ta kuma buga su a 1914, sa'an nan duniya ta san irin tunanin mutumin. A ƙasar Hausa ma an yi wanda ya yi irin wannan hidima, sai dai wasiƙun da ya tsare na sarakuna ne da malamai, kuma amana ce ya gada, ba kayan ciniki ba. Wannan mutum kuwa shi ne marigayi Wazirin Sakkwato, Alhaji Junaidu.

An haifi Malam Junaidu a birnin Sakkwato a 1906. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo ɗan Laima. Shi Giɗaɗo shi ne wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun daga zamaninsa gidan Waziri ya zama ƙofar da wasiƙun manyan ƙasashen gabas, kamar Kano da Zazzau da Adamawa, suke bi kafin su isa ga Sarkin Musulmi. Naɗin sarauta, da labarin yaƙi, da ƙarar talaka, da tambayar shari'a, duk a rubuce suke zuwa da Larabci, da tawada da alƙalamin kara, da hatimin mai aikowa a kai.

Wannan taska ta gamu da jarrabawa tun kafin a haife shi. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun sami wasiƙu da dama a gidan Waziri Buhari, waɗanda daga baya wani jami'in mulki, H.F. Backwell, ya fassara su zuwa Turanci aka buga a 1927. Watau dai baƙo ne ya fara gabatar wa duniya da takardun gidan, bisa fahimtarsa da bukatarsa. Waziri Buhari ya rasu a 1910, lokacin Junaidu yana da shekara huɗu, sai ya tashi a hannun 'yan'uwansa.

Bai bi hanyar makarantar boko ba. A zauren malaman Sakkwato ya yi karatunsa, ya haddace abin haddacewa, ya ƙware a nahawu da fiƙihu da adabin Larabci, ya kuma naƙalci Fulatanci, harshen da magabata suka yi waƙoƙi masu yawa da shi. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya shugabanci makarantar horar da alƙalai, kana a 1948 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Waziri bayan yayansa Abbas. Ya riƙe wannan sarauta shekara kusan 49.

Aikin da ya yi wa takardun gidansu ya wuce ajiya a cikin gafaka kawai. Wasiƙun wancan zamani galibi ba su ɗauke da kwanan wata, saboda haka sai wanda ya san hatimin kowane sarki, da hannun magatakarda, da dangantakar sunayen da aka ambata, shi ne zai iya cewa ga lokacin da aka rubuta wasiƙa, ga kuma abin da ya jawo ta. Waziri Junaidu ya mallaki wannan sani, ya kuma zuba shi a littattafai masu yawa. Daga cikinsu akwai Dabɗul Multaƙaɗati na Larabci, wanda ya tattaro labaran da suka warwatsu a littattafan magabata, da Tarihin Fulani na Hausa, wanda ɗalibai da yawa suka fara sanin jerin Sarakunan Musulmi ta hanyarsa.

Babbar falalarsa ita ce bai rufe ƙofa ba. A farkon shekarun 1960 wani ɗalibin Jami'ar Ibadan, Murray Last, ya zauna a Sakkwato yana nazarin wasiƙu da littattafan Waziri, littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. Kafin wannan lokaci, yawancin abin da ake karantawa a makarantun boko game da daular daga rahotannin matafiya da na razdan-razdan aka ɗebo shi. Bayan haka sai aka koma ga abin da mutanen daular suka rubuta da hannunsu. Haka kuma Jean Boyd ta dogara da takardunsa wajen fito da tarihin Nana Asma'u a 1989. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1971, hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato kuwa sunansa take amsawa. Allah ya yi masa rasuwa a watan Janairu na 1997, yana da shekara 90 da 'yan kai.

Ga mutanen iyakar Gobir akwai darasi na musamman a rayuwar wannan malami. A wannan yanki ne Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Muhammadu Bello ya rinjayi Gobirawa da abokan ƙawancensu, abin da ya biyo baya kuwa shi ne kafuwar Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani kuma Sabon Birni. Ɗalibin da ya fito daga Kurawa ko Isa, idan ya nemi waɗannan labarai a rubuce, zai tarar mafi yawansu daga bakin Sakkwato suka fito, domin can ne aka sami gidan da ya adana takarda. Na Gobirawa kuwa ya fi dogara ga maroƙa da dattawa, waɗanda kowace rasuwa takan rage su.

Ga shi kuma gara da ruwan damina da gobara ba su san darajar takarda ba. A kan waɗannan sai hare-haren 'yan bindiga suka ƙaru, kamar waɗanda suka tashi ƙauyuka a ƙasar Sabon Birni a 2020, mai gudun ceton rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar gafakar kakansa. Wasiƙar da wani hakimi ya aika wa alƙali, da takardar gadon gona, da fayil ɗin En'e da ke rubewa a ɗakin ajiyar ƙaramar hukuma, duk shaidu ne da ba a samun madadinsu.

Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya dubi tsofaffin takardun ofishinsa da idon amana kafin ya ba da umurnin ƙone su, ɗalibi kuma ya tambayi dattawan gidansu abin da ke cikin akwati, ya ɗauki hotonsa, ya sanar da hukumar tarihi a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna. Ta haka ne za a ci gaba da aikin da Waziri Junaidu ya bari. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, amin.