Battling Siki, zakaran damben duniya

A ƙasar Hausa, in kaka ta yi ana dambe. Ɗan dambe yana ɗaure hannu ɗaya da zare, makaɗa suna zuga shi. Turawa ma suna da nasu dambe. Su safa suke sa wa hannu biyu, kuma ana auna nauyin ƴan damben kafin su kara, kowa da ajinsa. Turmi ɗaya minti uku ne. Wanda ya faɗi, alƙali ya ƙirga goma bai tashi ba, an kashe shi ke nan. Wanda aka haifa a Afirka da ya fara zama zakaran duniya a irin wannan dambe shi ne Battling Siki.

Sunansa na yanka Mbarik Fal. An haife shi a garin Ndar, wanda Turawa suke kira Saint-Louis, cikin ƙasar Senegal, a shekara ta 1897. A lokacin Faransawa ba su ci Damagaram ba tukuna, balle su iso Gure. Yana yaro wata Baturiya ta tafi da shi Faransa. Can ya girma, ba uwa ba uba. Ya yi wanke-wanke a gidajen abinci don ya samu na tuwo. Ya fara damben kuɗi a 1912, yana da shekara goma sha biyar.

Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, sai ya shiga sojan Faransa. Ya yi jarumta har aka ba shi lambobin yabo biyu. Bayan yaƙi ya koma dambe. Ya yi wasanni da yawa a ƙasar Holan, ya kuma samu ɗa namiji. Kusan duk wanda ya kara da shi sai ya sha kashi.

A zamanin nan Faransa tana da wani gwarzo, Georges Carpentier. Shi ne zakaran duniya na ajin da ba ya wuce nauyin kilo 79. Faransawa suna ji da shi ƙwarai. Aka shirya ya kara da Siki ran 24 ga Satumba 1922, a wani babban fili a bakin birnin Pari. Mutane dubbai suka cika wurin. Kowa ya ɗauka Carpentier zai gama da baƙon nan da nan.

Da fari haka aka ga alama. Siki ya kai gwiwa ƙasa, ya tashi. Amma daga turmi na uku sai wasa ya juya. Siki ya shiga dukan zakara ba sassauci, har fuskarsa ta kumbura. A turmi na shida ya kai masa wani naushi da hannun dama, Carpentier ya zube ƙasa bai iya tashi ba. Sai alƙali ya ce wai Siki ƙafa ya sa masa, saboda haka Carpentier ne ya ci. Ƴan kallo, waɗanda galibinsu Faransawa ne, suka ƙi yarda. Suka yi ta ihu har manyan alƙalai suka sake shawara, suka ba Siki nasararsa. A shekarar nan ce aka mai da Nijar ƙasar mulkin mallaka mai gwamnanta, da babban birni a Zinder. Ga shi kuma ɗan wata ƙasar mallaka ya kayar da gwarzon masu mulki a gidansu.

Ba a bar shi ya ji daɗin sarautarsa ba. Jaridu suka riƙa kiran shi mutumin daji, alhali a Faransa ya tashi, ya kuma yi mata yaƙi. Ingila ta hana shi zuwa ya yi dambe a ƙasarta. Hukumar damben Faransa ta dakatar da shi. Nan ne Siki ya fasa ƙwai. Ya bayyana cewa tun kafin wasan an shirya da shi ya faɗi da gangan, amma da ya shiga fili zuciyarsa ta ƙi. Blaise Diagne, wakilin Senegal a majalisar dokokin Faransa, ya tsaya a gaban majalisa ya kare shi. Shi ma Siki yana da nasa laifi. Yana shan giya, yana watsa kuɗi, har yawo yake yi da ɗan zaki a titunan Pari.

Ran 17 ga Maris 1923 ya je Dablin, babban birnin Ailan, ya kara da Mike McTigue, ɗan ƙasar. Ana cikin yaƙin basasa, kuma ranar babban bikin ƙasar ce. Suka yi turmi ashirin ba kisa. Alƙali ya ba McTigue. Har yau ana gardama a kan wannan hukunci. Wata shida bai cika ba sarauta ta kuɓuce masa.

Daga nan ya tafi Amurka. Ya ci wasu wasanni, ya faɗi a wasu da yawa, don ƙarfinsa ya fara raguwa. Ran 15 ga Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a wani titi na birnin Niyok, an harbe shi sau biyu a baya. Shekararsa 28. Ba a kama wanda ya kashe shi ba.

A Amurka aka binne shi. Sai a 1993 aka ɗauko ƙasusuwansa aka kai su Ndar, aka sa su a maƙabartar Musulmi ta garin.