Muhammad al-Kashinawi

Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi (ya rasu a shekarar 1741) malami ne Bafulatani daga ƙasar Katsina, masanin lissafi da ilimin taurari. Ya yi suna a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa da rubuce-rubuce cikin Larabci.

Karatu

Ya fara karatu a ƙasar Hausa. Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali, malamin Bagirmi, da Shaihu Muhammad Bindu, wanda a wurinsa ya koyi lissafi da ilimin hatimi. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Makka na wani lokaci, sannan ya wuce Alƙahira.

Ayyukansa

A zamaninsa ilimin taurari a haɗe yake da duba da ɗalasimai, abin da malamai da dama ba su yarda da shi ba. A wannan fanni ya rubuta Al-Durr al-Manzum, wanda ya fara a Makka ya kammala a Alƙahira. Littafin ya ginu ne a kan Al-Sirr al-Maktum na Fakhruddin al-Razi, kuma ya yi bayani a kan burujai goma sha biyu da taurari bakwai masu tafiya.

A shekarar 1732 ya rubuta Bahjat al-Afaq a kan hatimi, wato murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo daidai. Misali, hatimi mai gida tara da lambobi 1 zuwa 9 yana bayar da 15 ta kowace fuska. Ya nuna hanyoyin tsara hatimin da adadin layukansa mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7. Ya kuma yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi.

Rasuwarsa

Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira (1741) a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, shi ma masanin taurari, kuma shi ya bar wa littattafansa. Ɗan Hasan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, ya rubuta tarihinsa a cikin Aja'ib al-Athar. A shekarar 1973 Claudia Zaslavsky ta kawo aikinsa na hatimi a littafinta Africa Counts, wanda ya sanar da shi ga ɗaliban tarihin lissafi a Turai da Amurka.