Shehu Muhammadu Alkashinawi, Masanin Lissafi

Ƴan uwa, wannan malami Bafulatani ne daga Katsina, garin kakannin Maraɗawa. Bayan ya sauke farali a Makka, ya zauna Alƙahira yana koyarwa. A 1732 ya yi rubutu da Larabci kan hatimi. Mu dai mun saba ganin hatimi wurin malaman tsibbu, alhali ƙarƙashinsa lissafi ne tsantsa: a jera 1 zuwa 9 cikin gida tara, kowane layi, tsaye, kwance ko karkace, ya tashi 15. Shehu ya bayyana ƙa'idar cika masu gefe mara, 3, 5, 7, har sama, ba da lalube ba. Ya rasu a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, wanda shi ya bar wa littattafansa.