HO KWI LI: SARKIN DA GANUWARSA TA FI DAULARSA TSAWON RAI

Gabatarwa

A lardin Thanh Hoa na ƙasar Biyetnam, kimanin kilomita 150 kudu da birnin Hanoi, akwai wata ganuwa ta dutse wadda ta haura shekara 600 tana tsaye. Fadar da ta kewaye ta daɗe da rushewa, mafi yawan filin ma ya koma gonaki, amma ƙofofinta huɗu suna nan daram. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya sa aka gina ta shi ne Ho Kwi Li, wanda mutanen ƙasar ke rubuta sunansa Ho Quy Ly. Daular da ya kafa kuwa shekara bakwai kacal ta yi. A wannan maƙala zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin rayuwarsa, domin mu ga yadda aka yi gini ya ɗore amma mulki ya faɗi. Na zaɓe shi ne kuma saboda hidimar da ya yi wa harshen mutanensa, wadda ta shafe mu, mu masu nazarin harshe.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Ho Kwi Li a shekarar 1336 a yankin Thanh Hoa. A wancan zamani ana kiran ƙasar Dai Biyet, kuma gidan sarautar Tran ne ke mulkinta tun 1225. Kakanninsa daga ƙasar Sin suka zo tun ƙarni na 10. Daga baya wani kakansa ya tashi a hannun wani gida mai suna Le, sai zuriyarsa ta ɗauki wannan suna. Shi ya sa har ya manyanta ana kiransa Le Kwi Li.

Aure ne ya buɗe masa ƙofar fada. Gwaggonninsa biyu sun auri Sarki Tran Minh Tong, kuma kowace a cikinsu ta haifi ɗan da ya zama sarki. Saboda haka lokacin da Tran Nghe Tong ya hau gadon sarauta a 1370, taubashinsa ne ya hau. Sarkin ya jawo shi a jiki, ya ba shi babban muƙami a majalisa, ya kuma aura masa 'yar'uwarsa.

Ƙasar ba ta zaune lafiya a wannan lokaci. Daga kudu, sarkin Campa mai suna Che Bong Nga ya addabe ta da hare-hare. A 1371 ya shiga babban birni Thang Long, wato Hanoi ta yau, ya washe shi, ya cinna wa fada wuta. A 1377 aka kashe Sarki Tran Due Tong a fagen fama a ƙasar Campa. Ho Kwi Li ne ke kula da guzurin mayaƙa a wannan yaƙi, da labari ya iske shi sai ya juyo gida. A 1389 ma an ci shi da yaƙi. Wani janar ne daban, Tran Khat Chan, ya kawo ƙarshen Che Bong Nga a 1390. Duk da haka tsohon sarki Nghe Tong bai daina amincewa da taubashinsa ba. Da tsohon ya rasu, sai ya zamana ba wanda ya kai Ho Kwi Li ƙarfi a ƙasar, tun da yake sarkin da ke kan gado, Tran Thuan Tong, yaro ne kuma mijin 'yarsa.

Ginin ganuwa

A 1397 Ho Kwi Li ya yanke shawarar ɗauke babban birni daga Thang Long zuwa mahaifarsa. Dalilai biyu ne a fili. Na farko, Thang Long a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake a bakin kogi, kuma an ga yadda abokan gaba ke shigarsa cikin sauƙi. Na biyu, can ne cibiyar 'ya'yan gidan Tran da magoya bayansu, shi kuwa yana so ya raba sarki da su. Wani bafade, Nguyen Nhu Thuyet, ya ba shi shawarar kada ya yi ƙaura, ya nuna masa cewa wurin matsattse ne, kuma nagartar mai mulki ta fi tsaron duwatsu amfani. Bai saurare shi ba.

Wurin da aka zaɓa yana tsakanin koguna biyu, Ma da Buoi, ga tsaunuka a kewaye. An bi tsohuwar al'adar yankin ta duba yadda ruwa da tsauni suka zauna kafin a kafa gari. Ganuwar kusan murabba'i ce, kowane gefe ya kai mita 870 ko fiye kaɗan. Fuskarta ta waje manyan duwatsu ne da aka sassaƙa aka jera, ta ciki kuwa ƙasa ce aka tara aka daɓe, yadda mayaƙa za su iya hawa. Da yawa daga cikin duwatsun sun kai nauyin tan 10 zuwa 20, akwai ma wanda ya wuce haka. Daga tsaunukan da ke kusa aka fasa su aka jawo su.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙofofin. Ta kudu ita ce babba, tana da baka uku, sauran ukun kowace baka ɗaya. An sassaƙa duwatsun bakan ne kai faɗi gindi tsukakke, ta yadda kowane dutse ke matse ɗan'uwansa, nauyinsu da kansa ya zama shi ke riƙe su. Wannan dabara ce ta sa rumfunan katako da ke saman ƙofofin suka ɓace, amma bakan dutsen bai faɗi ba. A bayan ganuwar an haƙa gwalalo mai ruwa, can nesa kuma aka tayar da wata ganuwar ta ƙasa aka dasa mata gora. A 1402 aka ƙara gina dandalin Nam Giao a tsaunin Don Son, inda sarki ke yin bikin roƙa wa ƙasa albarka. An sa wa sabon birnin suna Tay Do, ma'ana babban birnin yamma.

Littattafan tarihin ƙasar sun ce cikin wata uku aka yi babban aikin. Mai karatu zai iya auna irin wahalar da talakawa suka sha kafin a jera irin waɗannan duwatsu cikin wannan ɗan lokaci. Mutanen wurin sun adana wannan wahala a cikin wata hikaya. An ce wani mai kula da aiki ne ɓangarensa ya yi ta zubewa, sai aka zarge shi da zagon ƙasa aka binne shi a jikin ganuwar. Matarsa, Binh Khuong, ta zo ta yi ta buga kanta a jikin dutse har ta mutu. An gina mata ɗan ɗakin tunawa a gabashin ganuwar. Ko da hikaya ce, tana nuna mana yadda masu ɗaukar dutse suka kalli ginin.

Hawansa mulki

Da aka koma sabon birni, sai al'amura suka yi sauri. A 1398 ya tilasta wa surukinsa Thuan Tong ya sauka, aka naɗa ɗansa ɗan shekara uku, wato jikan Ho Kwi Li. A 1399 aka kashe Thuan Tong. A wannan shekara wasu manya suka ƙulla makircin hallaka Ho Kwi Li, asirinsu ya tonu, aka kashe mutum fiye da 370. Cikinsu har da Tran Khat Chan, janar ɗin da ya ceci ƙasar daga Campa. A 1400 ya sauke jikansa ya hau gado, ya koma ga sunan kakanninsa na Ho, ya sauya wa ƙasa suna zuwa Dai Ngu. Bai cika shekara ba ya miƙa sarauta ga ɗansa Ho Han Thuong, amma ragamar mulki ta ci gaba da zama a hannunsa.

Gyare-gyarensa da hidimar harshe

Ba zai yiwu a taƙaita wannan mutum da kwaɗayin mulki kawai ba. A 1396 ya fito da kuɗin takarda, karo na farko a tarihin ƙasar, ya hana amfani da kuɗin tagulla. A 1397 ya ƙayyade yawan gonar da mutum zai mallaka, abin da ya yi saura ya koma hannun hukuma. A 1401 aka ƙayyade yawan bayin da manya za su riƙe. A 1404 aka shigar da lissafi cikin jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

A wancan zamani harshen Sinanci na littattafai shi ne harshen ilimi da na mulki, harshen Biyetnam kuwa na gida ne da kasuwa. Amma akwai wani salon rubutu da ake kira Nom, wanda aka aro alamomin Sinanci aka sarrafa su don rubuta harshen ƙasa. Duk wanda ya karanci tarihin ajami zai gane wannan hanya. A 1395 Ho Kwi Li ya fassara wani babi na tsohon littafin Sinawa kan mulki zuwa Nom domin koyar da sarki. A 1396 ya yi sharhin littafin waƙoƙinsu na dā cikin harshen ƙasa domin matan fada su yi karatu da shi. Tun 1392 ma ya rubuta wani littafi mai babi 14, Minh Dao, inda ya yi jayayya da wasu ra'ayoyin manyan malaman Sin. A ganina wannan ƙarfin hali ne babba, a lokacin da ake ganin ilimi ba ya zaunuwa sai cikin harshen baƙi. Abin takaici, waɗannan rubuce-rubuce nasa sun salwanta.

Sai dai gyaran ya zo da gaggawa da tilas. 'Yan kasuwa ba su yarda da kuɗin takarda ba. Masu gonaki sun ƙullace shi, malamai suna kallonsa a matsayin wanda ya ƙwace gadon iyayen gidansa, talakawa kuwa aikin gini da shiga soja sun gajiyar da su.

Faɗuwarsa

Sarkin Sin na daular Ming, Yongle, ya sami hujjar da yake nema. A 1406 ya aiko da runduna mai yawa da sunan mayar da gidan Tran kan mulki. Tun kafin yaƙin, babban ɗan Ho Kwi Li, wato Ho Nguyen Trung, ya faɗa a gaban majalisa cewa faɗan bai dame shi ba, abin da yake tsoro shi ne kada jama'a su ƙi bin su. Haka kuwa aka yi. A farkon 1407 sansanin Da Bang ya faɗi, Thang Long ya bi baya. Ganuwar dutsen da aka sha wahalar ginawa ba ta tsare kowa ba, domin masu ita sun bar ta sun gudu kudu. A tsakiyar 1407 aka kama Ho Kwi Li da 'ya'yansa a yankin Ha Tinh, aka tafi da su ƙasar Sin. A can ya ƙarasa rayuwarsa. Shi kuwa Ho Nguyen Trung, gwanintarsa ta ƙera bindigogi ta sa Sinawa suka ba shi aiki, har ya kai babban muƙami a ma'aikatar ayyukansu.

Sinawa ba su mayar da gidan Tran ba, sai suka riƙe ƙasar shekara 20. Wanda ya kore su a 1427 shi ne Le Loi, shi ma mutumin Thanh Hoa. Ya fara tawayensa a 1418 daga cikin tsaunuka, ba shi da ganuwar dutse, amma jama'a suna bayansa.

Kammalawa

Masana tarihin Biyetnam na dā sun rubuta sunan Ho Kwi Li cikin maciya amana. Na baya-bayan nan da yawa suna kallonsa a matsayin mai hangen nesa wanda ya rasa haƙuri. Ni dai ina ganin duka biyun suna da gaskiya, kuma ganuwar ita ce shaida. Wanda ya tsara waɗannan ƙofofi ya san yadda ake sa dutse ya riƙe dutse, amma bai sami yadda zai sa mutane su riƙe shi ba, ga shi kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tsakiyar filin da fadarsa take a dā, har yau akwai sassaƙen dodanni biyu na dutse waɗanda aka sare wa kawuna, manoma suna wucewa ta gefensu zuwa gonakinsu.