Likita Mila na Zariya

An haifi Walter Miller a ƙasar Ingila cikin shekarar 1872, amma Hausawa ba su san shi da wannan suna ba, sai dai Likita Mila. Ya koyi aikin likita a wani babban asibiti na birnin Landan. Da ya gama, sai ya ba da kansa ga wata ƙungiyar Mishan da ake kira C.M.S., don yana so ya kai magani da bisharar Yesu Almasihu ƙasar Hausa.

Da fari ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa wurin fatake da mahajjata. A can ya gamu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina, ana ce da shi Abdulmajid, wanda ubansa ya rasu a kan hanyar Makka. Yaron nan ya taimake shi ƙwarai wajen kama harshen.

Cikin shekarar 1900 suka taso daga Ikko su biyar, da Bishop Tugwell a kan gaba. Suka yi ta tafiya wata da watanni, har suka isa Kano. A lokacin nan Turawa ba su ci Kano ba tukuna. Sarki Alu bai yi na'am da zuwansu ba, ya ce su fitar masa daga gari. Suka juyo suka sauka a Girku, ƙasar Zazzau. Nan ciwo ya kama su, ɗayansu ya mutu, saura kuwa suka koma gida da ɗai ɗai. Shi ma Likita Mila ya je gida, amma bai daɗe ba ya komo.

A shekarar 1905 ya sami izini ya zauna cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta a Durumin Maigarke. Masu gyambo da masu ciwon ido suka yi ta zuwa, yara kuma suka fara koyon karatun boko da lissafi. Amma abin da ya fi so bai samu ba yadda ya zata. Mutanen birni sun karɓi maganinsa, sun kuwa gode, amma sun riƙe addininsu na Musulunci. Waɗanda suka bi shi 'yan kaɗan ne.

Ana nan, cikin shekarar 1913, sai ga waɗansu baƙi sun zo nemansa. Su ne ake kira Isawa, almajiran wani malami na Kano, Malam Ibrahim, wanda aka kashe tun da daɗewa saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa. Da yawansu suka zama Kirista, suka kafa ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da ɗakin sujada. Ashe wurin cike yake da ƙudan tsando. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe manya da yara, har ƙauyen ya watse. Likita ne shi, amma a zamanin nan babu maganin kirki na wannan cuta. Abin da ya iya yi shi ne ya kwashe yaran da suka ragu, ya kai su makarantarsa ta Zariya, ya riƙe su kamar 'ya'yansa.

Likita Mila mutum ne mai zafin rai, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya yi ta faɗa da Turawan mulki a kan haƙƙin talakawa, shi da Sarki Aliyu ma daga baya ba su jitu ba. A shekarar 1929 aka mayar da Mishan bayan gari, gindin dutsen Wusasa. Shi bai so haka ba, don ya fi son zama tsakiyar jama'a, sai ya koma Kano.

A can ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi, watau juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ya yi shi tare da waɗansu Turawan Mishan da malamai Hausawa, suna auna kowace kalma kamar yadda ake auna hatsi a kasuwa. Aka buga littafin duka a shekarar 1932.

Makarantar da ya fara ta yi 'ya'ya. Daga cikinta Likita Barau Dikko ya fito, wanda shi ne ɗan Arewa na fari da ya zama likita. Janar Yakubu Gowon kuma a Wusasa ya yi karatunsa na fari.

Da tsufa ya zo masa, Likita Mila bai koma Ingila da zama ba. Ya sauka a Bukuru, kusa da Jos, nan ya rasu cikin shekarar 1952, yana da shekara 80.