Dorugu, Yaron Damagaram da Ya Ga Tambutu da Landan

Mu da ke zaune a nan Minna, yawancinmu daga wani gari aka taso, ko mu ko iyayenmu, wasu Kano, wasu Katsina ko Sakkwato, aka biyo hanyar jirgin ƙasa ko fatauci. To, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani Bahaushe wanda ba da son ransa ya bar gida ba, amma irin yawon da ya yi, ko a cikin manyan 'yan kasuwarmu na Kasuwar Kure masu zuwa Dubai da Sin, da wuya a sami na biyunsa.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ɗan yaro aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗo Kukawa, babban birnin Borno a lokacin. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai Dorugu da abokinsa Abbega, wani yaro Margi, suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim.

Daga nan fa ido ya fara buɗewa. Cikin Nuwamba 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Sun bi ta kangon Birnin Gazargamu, tsohon birnin sarakunan Borno da aka watse tun 1808, suka wuce Damagaram, Katsina, Wurno, Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Say. Sai cikin Satumba 1853 suka shiga Tambutu. Ka duba fa, duk a kan doki da raƙumi da ƙafa, ga yaro bai fi shekara goma sha uku ba.

Zaman Tambutu bai yi daɗi ba, don akwai masu neman ran Baturen, Shehu Ahmad al-Bakkay ne ya tsaya musu har suka fita a 1854. Amma abin da zai burge ɗan kasuwa shi ne, a can ma tufafin Kano ake saye, rinin Kano kuwa ya riga su isa. A hanyar komowa sun tsaya Gao, inda kabarin Askiya Muhammadu yake tsaye, alhali birnin da ya mulki daular Songhai ya koma ɗan ƙauye.

A 1855 suka ratsa Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa, suka bi ta Faransa, sai Landan. Har Jamus Barth ya kai su. Daga baya Dorugu ya zauna wurin wani ɗan mishan, J. F. Schön, mai nazarin Hausa. Nan ne ya yi aikin da ya sa ba a manta da shi ba. Ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, Schön na rubutawa, har da yadda ya ga Turawa na cin abinci da yadda suke ado. Turawa sun saba zuwa su kalle mu su rubuta, wannan karon ɗanmu ne ya je ya kalle su. Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885, kuma Hausar bakinsa ta taimaka ƙwarai wajen littafin nahawun da Schön ya buga a 1862.

Ya dawo gida a 1864, ya yi aikin tafinta shekara da shekaru. Abbega shi kuma har sarautar Lokoja ya riƙe. Da tsufa Dorugu ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912.

Da aka buɗe kayansa, sai ga tarin tabarau, da tufafin Turawa waɗanda ko sau ɗaya bai sa ba, da gwangwanayen biskit, da kuɗin zinariya da azurfa da ya adana bai taɓa kashewa ba.